Yadda Ake Cika Sharaɗin Bayokemistiri Don Shiga Makarantun Aikin Lafiya a Amurka

A jami'o'in Nijeriya, wanda ya samu gurbin MBBS ba ya haɗuwa da bayokemistiri sai ya shiga aji biyu, inda zai yi shi tare da anatomi da fiziyoloji. A Amurka tsarin daban ne. Can sai ɗalibi ya yi shekara uku zuwa huɗu a jami'a, galibi ya kammala digirin farko, sannan ya nemi makarantar likitanci, ko ta likitan haƙori, ko ta likitan dabbobi, ko ta mataimakin likita. Makarantun haɗa magunguna ma suna neman shekara biyu ko fiye na karatun share fage. Kowace makaranta tana da jerin kwasa-kwasan da take so ka zo da su a hannu, kuma bayokemistiri na cikin waɗanda suka fi ba masu nema wahala.

Yawancin waɗanda wannan sharaɗi yake kayarwa sun ci kwas ɗin, har da maki mai kyau. Abin da ya faru shi ne sun ɗauki wanda makarantar ba ta karɓa. Ganin kalmar bayokemistiri a takardar sakamakonka bai isa ba. Ofishin ɗaukar ɗalibai yana duba abu biyar: matakin kwas ɗin da abin da ya ƙunsa, yawan kiredit (abin da muke kira yunit), makin da ka samu, inda ka yi shi, da shekarar da ka yi shi. Ɗaya ya kauce, sai a ce ba ka cika ba. Don haka aikin yana farawa ne tun kafin ka biya kuɗin rajista.

Mataki na farko: fara daga makarantun, ba daga kwas ɗin ba

Rubuta sunayen makarantun da kake da niyyar nema, ko da 15 ne ko 20. Buɗe shafin kowacce ka karanta sharuɗɗanta da idonka. Mai neman likitanci zai iya amfani da kundin MSAR na AAMC, ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, wanda ya tattara sharuɗɗan makarantun da ke ba da digirin likita na MD, amma idan abin da ke kundin ya saɓa wa shafin makarantar, ka bi na makarantar. Kada ka dogara da abin da wani da ya shiga shekara uku da suka wuce ya gaya maka, domin sharuɗɗa suna sauyawa.

Yi jadawali a takarda ko a kwamfuta. Layi ɗaya makaranta ɗaya, ginshiƙai kuma su zama: dole ne ko shawara ce, kiredit nawa, ana son firaktikal ko ba a so, maki mafi ƙanƙanta, ana karɓar na intanet, ana karɓar na kwalejin shekara biyu, shekara nawa kwas yake yi kafin ya tsufa, da ranar da za a kammala shi. Idan ka cike, duba makarantar da ta fi kowa tsauri a kowane ginshiƙi, ka zaɓi kwas ɗin da zai gamsar da ita. Wanda ya gamsar da mai tsauri ya gamsar da saura.

Za ka ga fannonin ba ɗaya suke ba. Makarantun likitan dabbobi kusan dukkansu sun wajabta shi. Da yawa daga makarantun likitanci da na haƙori sun wajabta zango ɗaya, wasu kuma sun ce shawara ce mai ƙarfi. Makarantar likitanci ta Johns Hopkins, alal misali, tana neman zango ɗaya na oganik kemistiri da firaktikal ɗinsa, sannan bayokemistiri na aƙalla kiredit 3. Makarantun mataimakan likita sun fi kowa bambanta: wata ta ce bayokemistiri, wata ta ce oganik, wata ta ce ɗaya daga cikin biyun.

Inda aka rubuta cewa shawara ce kawai, mu dai shawararmu ita ce ka ɗauka. Tun daga watan Afrilu na 2015 da aka sauya MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likitanci, bayokemistiri ya zama kashi 25 cikin 100 na sashen halittu, da kuma kashi 25 cikin 100 na sashen kemistiri da fiziks. Kowane sashe yana da tambaya 59, ke nan kusan tambaya 30 cikin 230 daga wannan fanni suke fitowa. Makarantar da ba ta wajabta kwas ɗin ba tana duba makin jarrabawar da ta wajabta shi.

Mataki na biyu: tantance kwas na gaske daga mai kama da shi

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin nan aka fi asarar kuɗi da lokaci.

A jami'o'in Amurka lambar kwas tana nuna matakinsa. Masu lamba 100 da 200, ko 1000 da 2000, na shekarun farko ne. Masu 300 da 400, ko 3000 da 4000, na manyan azuzuwa ne. Bayokemistirin da yawancin makarantu suke nufi na manyan azuzuwa ne, wanda ɗaliban kemistiri da bayoloji suke ɗauka. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka duba abin da shi kansa kwas ɗin yake nema kafin a shige shi. Idan an ce sai ka ci oganik kemistiri, aƙalla na farko, to kana kan hanya. Idan kuwa kowa ma zai iya shiga, ko kemistiri na zango ɗaya kawai ake nema, ka yi hattara.

Akwai kwas da ake kira "General, Organic, and Biological Chemistry", wasu su taƙaita shi GOB. An tsara shi ne don masu karatun jinya da makamantansu, yana taɓa fanni uku sama-sama a zango ɗaya ko biyu. Kwas ne mai amfani ga waɗanda aka yi shi dominsu, amma makarantun likitanci da na haƙori da na dabbobi galibi ba sa lissafa shi. Haka nan ka tsaya ka bincika duk wanda sunansa ya fara da "Survey of" ko ya ƙare da "for Allied Health". Wanda ake koyarwa a sashen abinci mai gina jiki ko na motsa jiki, mai suna irin "Nutritional Biochemistry", wata makaranta za ta karɓa, wata ta ce sai wanda sashen kemistiri ko bayoloji ko bayokemistiri ya koyar.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Jami'o'i da yawa suna da iri biyu a manyan azuzuwa: wanda ake gamawa a zango ɗaya, da wanda aka raba gida biyu. A mai gida biyu, kashin farko yakan tsaya ne a kan siffar furotin da aikin enzayim, da su sukari da kitse, wani lokaci a ɗan shiga gilaikolisis, wato matakin farko na sarrafa sukari a jiki. Bayanin yadda jiki yake sarrafa abinci ya fitar da ƙarfi, wato metabolizim, sai a kashi na biyu. Ɗalibi ya ɗauki kashin farko kawai, ya ga kiredit 3 a takardarsa, ya ɗauka ya gama. A wasu makarantu ya cika sharaɗi a rubuce, amma zai shiga MCAT bai san rabin abin da za a tambaye shi ba. Wasu makarantun kuma, musamman na dabbobi, sun fito fili sun ce sai kwas ɗin ya ƙunshi metabolizim. Idan zango ɗaya kake da shi, ɗauki mai zango ɗaya. Idan ka fara mai gida biyu, ka ƙudurta gama duka biyun.

Nemi silabas ɗin kafin rajista. Malamai da sakatarorin sashe suna bayarwa idan aka tambaya. Ka tabbata waɗannan suna ciki: amino asid guda 20 da halayensu, matakai huɗu na siffar furotin, hemogulobin, saurin aikin enzayim da lissafin Michaelis da Menten, sukari da kitse da fatar ƙwayar halitta, gilaikolisis, zagayen Krebs, sarƙar ilektiron da samar da ATP (sinadarin da ke ɗauke da ƙarfi a ƙwayar halitta), ƙona kitse, ƙera sabon gulukos, da zagayen yuriya. Idan ka ga babu biyu ko uku daga cikin na ƙarshen nan, wannan ba shi ne kwas ɗinka ba.

Mataki na uku: lissafa kiredit daidai

Mafi yawan makarantu suna neman kiredit 3, wasu 4, a lissafin zango na mako 15 ko 16, wato samista. Amma akwai jami'o'in da suke raba shekara gida huɗu, kowane zango mako 10, ana kiran tsarin kwata. Kiredit ɗaya na kwata daidai yake da kashi biyu cikin uku na kiredit ɗin samista. Kwas mai kiredit 4 na kwata ya zama 2.67, bai kai 3 ba. Mai kiredit 5 ya zama 3.33, ya wuce. Wasu makarantu suna kau da kai a kan 2.67, wasu ba sa yi, kuma ba ka da hanyar sanin wacce ce sai ka tambaya. Idan a tsarin kwata kake, mafi kwanciyar hankali shi ne ka ɗauki zango biyu.

Firaktikal na bayokemistiri ba kasafai ake wajabta shi ba. Inda yake shigowa shi ne makarantar da ta yarda bayokemistiri ya maye gurbin oganik na biyu, amma ta ce jimillar kiredit ɗin oganik su kai 8 haɗe da firaktikal. Oganik na farko da firaktikal ɗinsa 4 ne, bayokemistiri 3, jimla 7, saura 1. Wannan kiredit ɗaya tak yana iya tsayar da takardarka. Kuma kwas ɗaya ba ya biyan bashi biyu: idan ka saka shi a madadin oganik na biyu, ba lallai a sake lissafa shi a matsayin bayoloji na manyan azuzuwa ba.

Mataki na huɗu: inda za ka yi shi

Wanda yake tsakiyar digirinsa a jami'ar shekara huɗu ya yi shi a jami'arsa, a cikin aji, a zango na yau da kullum. Babu makarantar da za ta yi jayayya da wannan.

Wanda ya riga ya gama digiri yana da hanyoyi uku. Zai iya rajista a wata jami'a da ke kusa a matsayin ɗalibin da ba digiri yake nema ba. Wannan ya fi araha a jami'o'in jiha ga mazauna jihar, sai dai irin waɗannan ɗalibai su ne na ƙarshe a layin rajista, ajin kan cika kafin a zo kansu, don haka ka tuntuɓi sashen tun wata biyu ko uku kafin zango. Zai iya shiga shirin bayan digiri da aka tsara musamman don masu neman aikin lafiya, wanda ya fi tsada amma yana zuwa da mai ba da shawara, wani lokaci har da takardar shaida daga kwamitin jami'a. Ko kuma ya ɗauka ta intanet. Jami'ar New England da ke jihar Maine tana da irin waɗannan kwasa-kwasai na intanet, haka sassan karatun manya na jami'ar Kalifoniya a Berkeley da na Harvard suna koyar da bayokemistiri.

Game da na intanet, makarantu da yawa sun sassauta a 2020 saboda annobar korona, wasu sun ci gaba da karɓa, wasu sun koma kan tsohon sharaɗinsu. Abu biyu za ka tabbatar: cewa jami'ar tana da amincewar hukumar tantancewa ta yankinta, da cewa za ta ba ka takardar sakamako ta hukuma mai ɗauke da maki da kiredit. Satifiket ɗin kammala darasi na dandalin karatu kyauta ba ya cika sharaɗi, komai sunan jami'ar da ke kansa.

Kwalejojin shekara biyu suna da araha, amma yawancinsu ba sa koyar da kwasa-kwasan manyan azuzuwa, shi ya sa bayokemistirinsu yakan zama irin wanda muka yi gargaɗi a kansa.

Mai bizar karatu ta F-1 ya lura: a matakin digirin farko ana so ya riƙe aƙalla kiredit 12 a zango, kuma kwas ɗaya kawai na intanet, mai kiredit 3, ake lissafawa a ciki. Kafin ka ɗauki kwas a wata jami'a daban, je ofishin ɗalibai baƙi na makarantarka su amince a rubuce.

Mataki na biyar: tambaya a rubuce

Duk inda ka yi shakka, aika imel zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar. Kada ka tambaya ta waya, domin bayan shekara ɗaya ba wanda zai tuna abin da aka ce maka. Wasiƙar ta zama gajera: gaisuwa, sunanka, shekarar da kake son shiga, sannan sunan jami'ar da za ka yi kwas ɗin, cikakken sunansa da lambarsa, sashen da ke koyar da shi, yawan kiredit da ko na samista ne ko na kwata, ko a aji ne ko ta intanet. Haɗa silabas. Ka rufe da tambaya guda ɗaya: shin wannan kwas zai cika sharaɗin bayokemistiri na makarantarku? Idan amsa ta zo, adana ta da kwanan watanta, ka rubuta a jadawalinka. Wasu ofisoshin za su ce ba sa duba kwas sai ka nema. A nan sai ka koma kan zaɓi mafi aminci: babban aji, sashen kimiyya, jami'ar shekara huɗu.

Mataki na shida: tsara lokaci daga ƙarshe zuwa farko

Bayokemistiri yana zaune ne a kan wasu kwasa-kwasai, kamar rufin ɗaki a kan bango. Sai ka yi kemistiri na gama-gari zango biyu, sannan oganik zango ɗaya ko biyu, kafin a bar ka ka shiga. Haɗe da shi kansa bayokemistirin, zango huɗu ke nan ko biyar a jere, ba a tsallake ɗaya. Tsarin da aka saba shi ne: kemistiri na gama-gari a shekarar farko, oganik a ta biyu, bayokemistiri a zangon farko na shekara ta uku, daga Agusta zuwa Disamba. Sai a zauna MCAT tsakanin Janairu da Mayu, a miƙa takardar nema ta AMCAS, cibiyar da ke karɓar fom ɗin makarantun MD, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a shiga makaranta a Yuli ko Agusta na shekara mai zuwa. Sakamakon MCAT yana ɗaukar kusan wata guda kafin ya fito, ka saka wannan a lissafi.

Yawancin makarantun likitanci suna barin ka nema alhali kwas ɗin bai kammalu ba, muddin za ka gama kafin ranar shiga. Doka ta yarda, amma ba mu ba da shawarar a zauna MCAT kafin a gama bayokemistiri ba. Jarrabawar tana da iyaka: sau 3 a shekara, sau 4 a shekara biyu a jere, sau 7 a rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon da ka samu. Mai neman haƙori yana da ɗan sarari, tunda sashen kimiyya na DAT, jarrabawar neman shiga makarantar haƙori, bayoloji ne da kemistiri na gama-gari da oganik. Makarantun mataimakan likita kuwa da yawa suna ƙayyade yawan kwasa-kwasan da za su rage maka a ranar nema, wasu ɗaya, wasu biyu, wasu ko ɗaya.

Kada ka haɗa shi a zango ɗaya da fiziks da oganik na biyu da wani babban firaktikal idan akwai yadda za ka yi. Zangon bazara, wato na lokacin dogon hutu a tsakiyar shekara, kuma yana matse aikin mako 15 cikin mako 5 zuwa 8. Mai aikin yini cikakke ya guje shi.

Sai batun tsufa. Wasu makarantu, musamman na mataimakan likita da na haɗa magunguna da na dabbobi, ba sa karɓar kwas ɗin kimiyya da ya wuce shekara 5, ko 7, ko 10. Ka tambaya daga ina ake ƙirgawa, ranar nema ko ranar shiga.

Mataki na bakwai: cin kwas ɗin da maki mai kyau

Mafi ƙarancin makin da aka saba karɓa shi ne C, kuma a wurare da yawa C mai alamar ragi ba ya shiga. Wannan iyakar ƙasa ce kawai. Kwamitin zaɓe yana kallon bayokemistiri da ido na musamman domin shi ne ya fi kama da karatun shekarar farko a makarantar likitanci, don haka ka nufi A ko B. Kada ka zaɓi tsarin "ya ci ko ya faɗi" da ba a rubuta maki, yawancin makarantu suna son harafi.

Kwas mai kiredit 3 yana da lacca awa uku a mako, ka ware masa wasu awa shida zuwa tara a gida. Kafin zango ya fara, ka haddace amino asid 20: siffa, suna, taƙaitawa mai harafi uku da mai harafi ɗaya, da wanda ke son ruwa da wanda ke gudunsa da mai caji. Ka kuma sake bitar asid da bes da lissafin Henderson da Hasselbalch. Wanda ya shiga aji bai riƙe waɗannan ba, a mako na uku yake fara nitsewa.

Dubi abin da wannan hadda take buɗewa. A cutar sikila, amino asid ɗaya ne ya sauya a wuri na 6 na sarƙar beta ta hemogulobin: gulutamet mai caji, mai son ruwa, ya koma balin mai gudun ruwa. Idan iskar oksijin ta yi ƙasa, wannan ɗan wuri mai gudun ruwa sai ya manne da wani hemogulobin, su yi ta haɗuwa su zama dogayen zaruruwa, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wanda ya san halin gulutamet da na balin zai iya fito da wannan bayani da kansa. Irin tambayoyin da ake yi ke nan a jarrabawa: a sauya maka abu ɗaya, a ce faɗi abin da zai biyo baya.

Haka za ka bi metabolizim. Gilaikolisis mataki 10 ne, amma kada ka ba su ƙarfi ɗaya. Riƙe abin da ya shiga da abin da ya fita: gulukos ɗaya, ya ba da fairubet 2, da ribar ATP 2, da NADH 2. Sannan ka tsaya a kan matakai uku da ba sa komawa baya, na enzayim ɗin hekzokines, da PFK-1, da fairubet kines, domin nan ne jiki yake buɗe hanya ko ya rufe. A kowace hanya ka tambayi kanka abu huɗu: a wane sashe na ƙwayar halitta take faruwa, me ke kunna ta, me ke kashe ta, kuma me insulin da gulukagon suke yi mata bayan cin abinci da lokacin azumi. Zana hanyar a farar takarda ba tare da duba littafi ba, ka gyara da jan biro, ka sake gobe. Karanta littafi kana ja masa layi yana sa ka ji kamar ka iya, ranar jarrabawa kuma ka kasa fitar da komai.

Idan abin ya karkace

Duba ranar ƙarshe ta janyewa tun makon farko. Wanda ya janye cikin ƙa'ida yana samun harafin W a takardarsa, wanda ba ya shiga lissafin matsakaicin maki. W guda ɗaya ya fi D sauƙin bayani. Amma mai F-1 ko mai tallafin karatu ya tabbata janyewar ba za ta sauke shi ƙasa da kiredit ɗin da ake buƙata ba.

Maimaita kwas ba ya goge na farko. AMCAS tana lissafa duka biyun ko da jami'arka ta share tsohon makin. D yana da maki 1.0, A yana da 4.0, idan duka na kiredit 3 ne, sakamakon ya zama 2.5 a kan kiredit 6. AACOMAS, cibiyar fom ta makarantun da ke ba da DO, ɗaya digirin likita na Amurka, ita ma ta daina maye tsohon maki da sabo tun 2017. Saboda haka: idan ka samu ƙasa da C, maimaitawa dole ce don cika sharaɗi. Idan C ka samu, ya fi maka ka ɗauki kashi na biyu ko wani babban kwas kamar fiziyoloji ko jenetiks ka ci shi da A, domin wannan yana nuna ci gaba.

Wanda ya yi digirinsa a gida

Mai digirin bayokemistiri daga Kano ko Zariya ko Sakkwato ya karanta fiye da abin da ake nema nesa ba kusa ba, amma takarda tana da nata hukunci. AMCAS ba ta tantance takardun jami'o'in da ke wajen Amurka da Kanada, kuma ba ta saka makinsu a lissafinta. Yawancin makarantun MD suna so a yi kwasa-kwasan sharaɗi, ko aƙalla karatun shekara ɗaya, a jami'ar Amurka ko Kanada. Makarantun gwamnati na jihar Texas, masu amfani da tasu cibiyar fom mai suna TMDSAS, suna neman kiredit 90 daga jami'ar Amurka ko Kanada. Ƙari a kan haka, makarantun likitanci da ke karɓar wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da katin zama na dindindin ba su da yawa. Ka fara tantance wannan kafin komai.

A fannin haƙori da haɗa magunguna da mataimakan likita, wasu makarantu suna karɓar kwasa-kwasan waje idan kamfanin tantance takardu irin WES ya duba su. Nemi tantancewa ta kwas-kwas, wadda ke nuna kiredit da maki da matakin kowane kwas. Jami'arka ce za ta aika takardar kai tsaye, ba kai ba, kuma wannan yakan ɗauki watanni, don haka ka fara shekara guda kafin lokacin nema. Ka kuma duba yadda aka juya yunit ɗinka: kwas mai yunit 2 na aji biyu zai iya fitowa ƙasa da kiredit 3 kuma a ƙaramin mataki, sai ka nemi makarantar ta haɗa shi da na aji uku da huɗu, ka tura mata bayanin kwasa-kwasan daga littafin sashenku. Wanda ya riga ya gama MBBS hanyarsa daban ce, ta ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, da jarrabawar lasisin likita ta USMLE, wannan sharaɗi bai shafe shi ba.

Mataki na ƙarshe: shigar da shi a fom

Rubuta sunan kwas da lambarsa da kiredit ɗinsa daidai yadda suke a takardar sakamako, harafi da harafi. A AMCAS bayokemistiri yana ƙarƙashin kemistiri ne, kuma yana shiga matsakaicin makin kimiyya da ake kira BCPM, wato na bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi. Idan ba ka gama shi ba, saka shi a matsayin wanda kake yi ko za ka yi, da zangon da ka tsara.

Dole ka aika takardar sakamako daga kowace jami'a da ka taɓa rajista a cikinta, ko da kwas ɗaya ka yi. Wanda ya ɗauki bayokemistiri a wata jami'a aka mayar da kiredit ɗin zuwa tasa, takardar asalin inda ya yi shi ake so. Biya duk bashin da makarantar take bin ka tun da wuri, domin wasu suna riƙe takarda saboda shi, kuma tantancewar AMCAS tana ɗaukar makonni da dama a tsakiyar bazara. Idan ka kammala kwas ɗin bayan ka miƙa fom, AMCAS ba ta ƙara sabon maki a fom ɗin da ta riga ta tantance. Kai ne za ka sanar da kowace makaranta ta hanyar da ta tsara, sannan ka sa magatakardar jami'ar ya aika takardar ƙarshe zuwa makarantar da ta ɗauke ka kafin ranar da ta sanya.